An yanke wa Baba nama a ciwon ƙafarsa, ramin ya ninka uku: gyara ne ko ɓarna?

'Yar Fari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifinmu shekararsa 14 da ciwon suga. Wata huɗu da suka wuce wani ɗan ciwo ya fito masa a tafin ƙafa, daidai gindin babban yatsa. Bai fi girman farce ba, fata mai kauri ta kewaye shi, kullum yana tsattsafo da ruwa yana ɓata safa. Mun yi ta wankewa muna ɗaurewa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Shekaranjiya muka kai shi asibiti. Ina tsaye nas ɗin ta ɗauko aska ta dinga fere fatar nan kamar mai fiƙe fensir, ta sa hantsaki ta zaro wani abu rawaya-rawaya, ba ta tsaya ba sai da jini ya fito. Tana gamawa, ciwon da bai fi farce ba ya koma rami, ya ninka uku. Baba ko gezau, wai bai ji komai ba. Yayanmu da na tura masa hoton ya hau faɗa, ya rantse ba za a sake kai shi ba, wai mun kai musu ƙafa da ɗan ciwo sun dawo mana da gyambo. Su kuma sun ce mu koma ranar Litinin a sake. Me zan yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Abban Yara: Amin. 'Yar'uwa, ni dai ina bayan yayanku. Tun muna yara muke jin cewa mai suga ba a kusantar jikinsa da ƙarfe. Kawuna haka aka fara masa, yau a yanka nan gobe a yanka can, ƙarshenta ƙafar gaba ɗaya aka cire. Ku yi hattara.

Sista Mai Wankin Miki: Amin ya Allah. 'Yar Fari, kwantar da hankalinki ki karanta wannan a tsanake, ki kuma tura wa Yaya. Shekaruna da dama ina wannan aikin, kuma kusan duk iyalin da suka ga wankin farko irin wannan fuskar suke yi.

Ramin nan da kika gani ba nas ɗin ce ta haƙa shi ba. Yana nan tun tuni, rufi ne kawai a kansa. Fatar nan mai kauri kanta ce, irin wadda take fitowa inda ake yawan takawa. A ƙafar mai suga takan yi tauri ta zama kamar tsakuwa a cikin takalmi: duk takun da Baba ya yi, tana danna naman da ke ƙarƙashinta tana murƙushe shi. Ciwon sai ya riƙa ci ta ƙasa yana faɗaɗa, ku kuma ɗan bakin kawai kuke gani ta sama. Da aka fere kantar, ainihin girmansa ne ya bayyana.

Abin nan rawaya da ta zaro mataccen nama ne haɗe da daskararren ruwan miki. Ba zai taɓa komawa nama ba. Ƙwayoyin cuta a cikinsa suke kwana suke tashi, kuma sabuwar fata ba ta iya bi ta kansa ta rufe. Mu a wurin aiki launi muke karantawa: ja mai ɗan gurji-gurji sabon nama ne, muna lallaɓa shi, rawaya mai yauƙi da baƙi mai tauri matattu ne. Ɗan jinin da ya ba ki tsoro kuwa, shi ne shaidar an iso mai rai. Matacce ba ya jini.

Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali a labarin nan shi ne "Baba ko gezau". Aska ta shiga tafin ƙafar mutum bai ji ba, ma'ana suga ya taɓa jijiyoyin ji. Shi ya sa ya yi wata huɗu yana taka ciwon.

'Yar Fari: Sista na gode, Allah Ya saka. Wallahi ni har daɗi na ji da bai ji zafi ba, ashe ba abin murna ba ne.

Ɗan Autan Hajiya: Ku yi haƙuri zan shigo, don maganar nan ta ɗaure mini kai. Mahaifiyata tana kwance tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Diddigenta ya yi wani baƙin ɓawo, busasshe ƙarau kamar fatar da aka jeme. Ni da kaina na roƙi likita ya cire, ya ce ko kusa, kada ma mu jiƙa shi. To Sista, kin ce baƙi matacce ne. Me ya sa na Baban 'Yar Fari aka yanke, na Hajiyata aka hana? A cikin biyun dole wani ya yi kuskure.

Abban Yara: Ka ji ko! Su kansu ba su daidaita ba.

Likitan Ƙafa: Salamu alaikum. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, in dai yadda kuka faɗa haka abin yake. Kafin mu ɗauki aska akwai tambaya ɗaya da take gaban kowace: jini yana isa wurin nan ko ba ya isa?

Yankan mataccen nama buɗe wa jiki fili ne ya yi gini. Jini ne yake kawo kayan ginin. In hanyoyin jinin ƙafa sun toshe, ka yanke, ka buɗe fili babu mai gini, sai ƙwayoyin cuta su tare. A irin wannan ƙafar busasshen ɓawon nan shi ne murfin da ya rage mata. Diddige kuma wuri ne mai wuyar sha'ani, naman da ke tsakanin fata da ƙashi kaɗan ne, jininsa ba shi da yawa. Saboda haka ƙa'idar da aka sani ita ce: baƙin ɓawon diddige, muddin yana bushe, yana manne gam, babu ruwa, babu wari, babu ja ko kumburi a gefensa, a bar shi. A riƙa duba shi kullum, a sa filo ƙarƙashin ƙwauri yadda diddigen zai rataya a iska bai taɓa katifa ba. Ranar da ya yi laushi, ko ya fara tsiyaya, ko gefensa ya ɗaga, hukuncin ya canza, a ranar za ku kira likitan.

Yadda muke sanin jinin: mu taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu, mu saurara da na'urar dofla mai jiyo gudun jini, mu auna ƙarfin jini a idon sawu mu raba da na dantse. Daga kamar 0.9 zuwa 1.3 lafiya. Ƙasa da 0.5 toshewa ce mai tsanani, wannan likitan jijiyoyin jini zai fara gani, ba mai aska ba. Masu suga kuma akwai tarko: jijiyoyinsu kan yi tauri har awon ya fito sama fiye da gaskiya, sai a koma a auna a babban yatsa.

Malam Abban Yara, Allah Ya ji ƙan Kawu in ya rasu, in yana raye Ya ƙara masa lafiya. Ban san labarinsa ba, ba zan yanke hukunci ba. Amma abin da na fi gani shi ne a zo a makare, ruɓa ta riga ta kama ƙashi ko jini ya riga ya yanke, ana bin ta da aska tana gaba. Iyali kuma abin da suka gani da idonsu shi ne yankan, sai laifin ya hau kansa.

Abban Yara: Yana raye Likita. Gaskiya ne sai da yatsun suka yi baƙi aka kai shi. Amma har yanzu ban gamsu da wannan "ku dawo Litinin a sake" ba. In an cire mataccen, me kuma za a sake cirewa? Ko dai neman na cefane ne?

Sista Mai Wankin Miki: Malam, ka taɓa wanke randa ka zuba ruwa, bayan kwana uku ka shafa cikinta ka ji santsi? To haka miki yake. Ƙwayoyin cuta suna haɗuwa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ido ba ya gani sosai, maganin sha da na shafawa ba sa ratsa shi yadda ya kamata. Ka kankare shi yau, cikin kwana biyu zuwa uku ya sake haɗuwa. Kantar nan ma tana dawowa muddin ana takawa. Shi ya sa ake maimaitawa, sau da yawa mako-mako, har sai miki ya yi ja tas gefensa ya fara matsowa. Na biyu da na uku ba sa kai na farko yawa.

Tsohon Malami: Ni tambayata daban. A zamaninmu cewa ake a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Yanzu ko ina ka je sai a rufe shi, har da zuba masa wani abu mai danshi. Ba danshin ne yake ruɓar da shi ba?

Likitan Ƙafa: Ranka ya daɗe, likitoci ma haka suka ɗauka har zuwa 1962. A shekarar ne wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, ya rufe wasu da leda, ya bar wasu a iska. Waɗanda aka rufe suka yi sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na buɗaɗɗun. Dalili kuwa, ƙwayoyin fata rarrafe suke yi daga gefe zuwa tsakiya, a kan danshi suna tafiya salin-alin, in ɓawo ya bushe sai sun yi ta haƙa ta ƙarƙashinsa.

Wannan ma wata hanyar cire mataccen nama ce, ba aska kaɗai ba. In aka sa jel mai ruwa aka rufe, sinadaran jikin mutum da kansu suke narkar da mataccen a hankali. Ba zafi, sai dai jinkiri, kuma ba a dogara da ita in miki ya kamu da cuta tana yaɗuwa. Akwai kuma man shafawa mai sinadarin kolajinas, yana tsinke zaren da ya ɗaure mataccen nama da mai rai. Amma kun yi gaskiya ta wani gefen: danshi in ya yi yawa fatar gefe takan jiƙe ta yi fari ta saɓule. Daidai ake nema, kamar ƙasar shuka, ba fako ba, ba taɓo ba.

Ɗan Autan Hajiya: Sai dai ban da diddigen Hajiya.

Likitan Ƙafa: Ban da shi. Ka riƙe karatun.

Sarkin Dabara: Jama'a abin nan fa ba wani abu ba ne. Na kalli bidiyonsa ya fi goma. Sabuwar reza, a tsoma a sifirit, a kankare baƙin, a zuba haidirojin ya yi kumfa, shi ke nan. Me zai sa a yi ta wahalar da dattijo da zirga-zirga?

Sista Mai Wankin Miki: Don girman Allah kada wanda ya gwada wannan. Ɗan'uwa, bidiyon bai nuna maka abin da ke ƙarƙashi ba. Jijiyar da ke motsa yatsa fara ce mai ɗan rawaya, wanda bai sani ba zai rantse mataccen nama ce ya datse ta. Dattawa da yawa suna shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ka yanka wuri guda jinin ya ƙi tsayawa. Mai suga ba zai ce maka "wayyo" ba balle ka san ka zarce. Akwai ma wani irin gyambo da garkuwar jiki ce take haddasa shi, taɓa shi da ƙarfe ƙara masa faɗi yake. Wani kuma da ya shekara da shekaru ya rikiɗe ya zama daji, ɗan yanki ake ɗauka a kai ɗakin gwaji, ba kankara ba.

Haidirojin ɗin nan kuma kumfarsa ce take burge mutane. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma ƙona jaririn naman da muke lallaɓawa. Wankin yau da kullum ruwan gishirin asibiti ya isa, ko tsaftataccen ruwa.

Sarkin Dabara: To Sista, na janye. Ba da mugun nufi na faɗa ba.

Mai Haƙuri: Ni duk kuna maganar wanda ba ya jin zafi, bari ku ji daga bakin wadda take ji. Gyambona a ƙwauri yake, sama da idon sawu kaɗan, shekara biyu. An ce jijiyoyin da ke mayar da jini sama ne suka saki. Inda na fara zuwa wanki, ƙyallen bandeji suke jiƙawa su cusa, washegari ya bushe ya manne, sai a fizge shi da ƙarfi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Tun daren jajibirin wanki nake kasa barci. Na taɓa cewa a ɗan jiƙa kafin a cire, aka ce ai fizgar ce maganin. Wata uku na daina zuwa saboda tsoro, ciwon ya ƙara ci. Don haka in kun ga mutum ya gudu, ba kullum jahilci ba ne.

Uwar Biyu: Subhanallahi. Sannu Anti.

Sista Mai Wankin Miki: Anti, ki yafe mana. Ni ma da hannuna na yi wannan a farkon aikina, haka aka koya mana. Tsohuwar hanya ce, tana cire mataccen, amma ba ta da ido, har sabon naman take tafiya da shi. Yau in miki ya yi ja babu dalilin yi masa haka. Kuma haƙƙinki ne ki nemi maganin zafi. Akwai man kashe zafi mai lidoken da ake shafawa a rufe na minti 30 zuwa 60 kafin a taɓa, akwai na sha kafin a fara, kuma kina da ikon cewa a dakata ki huta.

Likitan Ƙafa: Na yarda da Sista, da ɗan gyara. Ba zan ce a jefar da bandejin gaba ɗaya ba, akwai wurin da shi kaɗai ne a hannu, kuma in ana canza shi kafin ya bushe ƙarau yana aiki. Fizgar ce ba ni da abin kare ta.

Sista Mai Wankin Miki: Likita, ku kuna rubutawa ku wuce, mu muke jin ihun.

Likitan Ƙafa: Na karɓi wannan.

Mai Haƙuri: Alhamdu lillahi yanzu ya kusa rufewa. Abin mamaki, ba wankin ne ya juya shi ba, sai da aka auna jinin ƙafar aka fara naɗe mini ita da bandeji mai matsewa tun daga yatsu har gwiwa.

Likitan Ƙafa: Anti kin taɓo inda nake son zuwa. Yankan mataccen nama share fage ne kawai. Abin da ya haifi mikin in yana nan, an bar jaki ana dukan taiki. Naki kumburi ne, maganinsa matsewa. Na Hajiya dannewa ce, maganinsa juyi da ɗage diddige. Na Baban 'Yar Fari taku ne. Ko kullum za a fere kantar nan, in zai sauko ya taka wurin, a banza. Akwai filasta mai tauri irin ta karaya da ake yi wa ƙafa ta ɗauke nauyi daga kan ciwon, akwai takalmi na musamman. 'Yar Fari, an ba shi wani abu makamancin haka?

'Yar Fari: Sun ba shi wani ƙaton takalmi, ya ce nauyi gare shi, yana ƙarƙashin gado. Da silifas ɗinsa yake yawo.

Likitan Ƙafa: To wannan ya fi askar muhimmanci. A fito da shi yau. Ko daga gado zuwa banɗaki ne.

Tsohon Malami: Ku gafarce ni, wani jikana ya ce mini wai a wasu asibitoci tsutsa ake zubawa a miki da gangan. Na ce masa ya daina raina mini hankali.

Likitan Ƙafa: Ranka ya daɗe, a ba yaro haƙuri, gaskiya ya faɗa. Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, William Baer, ya ga sojojin da suka kwana da kwanaki a fagen daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, raunukansu cike da tsutsa amma naman ciki ja tas. Da ya koma gida ya gwada a kan yara masu ruɓar ƙashi, aka buga sakamakon a 1931. Zuwan fenisilin ya sa aka yi watsi da abin, sai da ƙwayoyin cuta suka fara gagarar magani aka waiwaye shi. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su. 'Ya'yan wani koren ƙuda ne, Lucilia sericata, ana ƙyanƙyashe su a ɗakin gwaji ba ƙwayar cuta a jikinsu. Ba cizo suke ba, wani ruwa suke fitarwa ya narkar da mataccen su tsotse, su bar mai rai. Kwana biyu zuwa uku ake cire su.

Kada dai a zuzuta. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya kan gyambon ƙwauri, aka buga a 2009, ya nuna sun fi jel saurin share miki, amma warkewar ba ta fi sauri ba, kuma masu tsutsar sun fi kukan zafi. Sannan tsutsar da ƙuda ya saka da kansa a mikin da aka bari a buɗe wani abu ne daban, akwai irin da ke cin nama mai rai.

Uwar Biyu: Ni kam a yanka ni da askar sau goma.

Tsohon Malami: Yau na sha kunya a hannun jika.

'Yar Fari: Na tura wa Yaya duk bayanan nan. Ya ɗan sauko, amma ya ce in tambaya: ta yaya za mu san ana ci gaba, tunda da ido ramin ƙaruwa ya yi?

Sista Mai Wankin Miki: Tambaya mai kyau. Lissafi daga shekaranjiya zai fara, ba daga wata huɗu baya ba. Duk zuwa ki ce a auna tsawo da faɗi da zurfi a rubuta, ke ma ki ɗauki hoto da ruler a gefe, daga nisa iri ɗaya. Ciwon ƙafar mai suga in bai ragu da kamar rabi ba cikin mako huɗu, da wuya ya rufe a mako 12, sai a sake lale. Ranar Litinin ki tambaye su abu uku: sun auna jinin ƙafar? Da suka zura ƙarfen gwaji ya taɓo ƙashi? In ya taɓo, za a yi hoton ƙashin? Sugan kuma a matsa masa.

Kada ku jira Litinin in kin ga ja yana hawa sama, ƙafar ta kumbura ta yi zafi, wari ya canza, mugunya ta ƙaru, yatsa ya fara duhu, zazzaɓi, ko suga ya haura ya ƙi sauka ba dalili. Ko tsakar dare ne ku tafi. Ki riƙa duba ɗaya ƙafar ma, har tsakanin yatsu.

Abban Yara: Ni har yanzu jikina bai gama yarda da ƙarfe ba, amma zan kai Kawu a auna masa jinin ƙafar da ta rage. Ba a taɓa yi ba.

'Yar Fari: Sabon labari: mun dawo daga asibiti yanzu, Yaya da kansa ya tuƙa mu, ya tsaya a kan nas ɗin kamar mai gadi. Yau kaɗan ta fere. Cikin ya yi ja, ƙarfen bai taɓo ƙashi ba, bugun jijiya ta ce tana ji sarai amma ta rubuta mana awon dofla. Tsawo santimita 3, faɗi 2, na rubuta a bayan katin. Rigimar da ta rage ta takalmi ce, Baba ya ce zai sa in za shi waje, a cikin gida kuwa a ƙyale shi.

Likitan Ƙafa: A cikin gida ne ya fi yin taku. Ku ɓoye silifas ɗin.

'Yar Fari: Yaya ya riga ya jefa su a but ɗin mota.